Wane irin kare ya dace da gida a Giyawa?

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyukan gabashin jihar Sakkwato ya san da wuya dare ya raba ba a ji haushin kare ba, ko daga wata ruga, ko kuma daga bakin fadama inda manoma ke gadin albasa da shinkafa.

Kare dai ba baƙo ba ne a garin Giyawa da ke ƙaramar hukumar Goronyo, haka kuma a Wurno da Rabah. Makiyaya na tafiya da shi, mafarauta na alfahari da shi, masu noman rani a kwarin gulbin Rima kuma na barinsa a lambu.

Abubuwa biyu ne suka sauya a 'yan shekarun nan.

Na farko shi ne matsalar tsaro. A watan Yulin 2018 'yan bindiga sun kashe fiye da mutum 30 a ƙauyen Tabanni da ke ƙaramar hukumar Rabah, sannan a ranar 17 ga watan Oktoban 2021 suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, inda fiye da mutum 40 suka rasa rayukansu. Giyawa kanta ta sha fama da hare-hare da satar mutane.

Na biyu kuma shi ne wayar hannu, wadda ta kawo wa matasa hotunan manya-manyan karnukan ƙasashen waje da ake tallatawa a shafukan sada zumunta, irin waɗanda ake gani a gidajen masu hali a Abuja da Kano da cikin birnin Sakkwato.

Saboda haka magidancin da ke tunanin ajiye kare a yau na iya samun kansa da tambayar da mahaifinsa bai taɓa yi ba: shin ya karɓi ɗan kwikwiyo daga maƙwabci kamar yadda aka saba, ko kuwa ya tara kuɗi ya aika birni a sayo masa mai suna?

Wane aiki zai yi?

Likitocin dabbobi kan fara da wannan tambaya ce, domin kusan kowane jinsin kare da ake da shi a duniya an samar da shi ne saboda wani aiki, a wata ƙasa mai irin nata yanayi.

Ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya, FCI, wadda ke da hedikwata a ƙasar Beljiyam, ta amince da jinsuna fiye da 350. Akwai na kiwon tumaki, da na jan kaya a kan ƙanƙara, da na farauta, da kuma waɗanda ba su da wani aiki sai zama a kan cinyar mai su.

A Giyawa da kewaye ayyukan kare ba su da yawa. Yana gadin gida ko lambu, yana bin garke domin korar dila da ɓarayin dabbobi, ko kuma yana fita farautar zomo da gafiya da burgu bayan an kawar da amfanin gona.

Game da gadi, akwai abin da ya kamata a faɗa tun da wuri. Babu wani kare, komai girmansa da tsadarsa, da zai tare mutum mai ɗauke da bindiga. Amfaninsa shi ne kunnensa da hancinsa: yana jin motsi tun mutum bai ji ba, ya yi haushi, ya tayar da mutanen gida. Wannan aiki kuwa ƙaramin kare mai nauyin kilo 15 na yinsa kamar yadda mai kilo 60 zai yi.

Me malamai suka ce?

A ƙasar da ke da hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda aka binne a Wurno a 1837, ba a maganar ajiye kare ba tare da an taɓo hukuncinsa ba.

Alƙur'ani ya ambaci karen Ashabul Kahfi, ya kuma halatta cin abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo, a cikin Suratul Ma'ida. Hadisai da dama kuma sun nuna cewa ladan mutum na raguwa kullum idan ya ajiye kare ba domin farauta ko kiwo ko gona ba.

Mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ake bi a wannan yanki, tana ɗaukar kare mai rai a matsayin mai tsarki, duk da cewa ana wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai domin bin umarni. Wasu mazhabobin, kamar Shafi'iyya, sun ɗauke shi najasa.

Littafin Risala na Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ɗalibai ke karantawa a zauruka har gobe, ya taƙaita ajiye kare ga ayyuka uku: gadin shuka, da bin dabbobi a daji, da farautar neman abinci, ba ta nishaɗi ba.

To sai dai masu sharhin littafin sun ruwaito cewa shi kansa marubucin, wanda ya rasu a shekara ta 996 miladiyya, ya ajiye kare a gidansa a lokacin da katangarsa ta faɗi kuma yake tsoron maƙiya. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi hakan, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Malamai da dama sun dogara da irin wannan wajen halatta karen gadin gida idan akwai tsoro na gaskiya.

Akwai kuma saɓani a kan saye da sayarwa. Magana mafi shahara a mazhabar ita ce hana cin kuɗin kare, ko da na farauta ne, amma Sahnun, wanda ya tattara littafin Mudawwana, ya halatta sayar da wanda aka yarda a ajiye. Wataƙila wannan na daga cikin dalilan da suka sa a ƙauyuka an fi sabawa da bayar da ɗan kwikwiyo kyauta.

Abin da ake fahimta a nan shi ne cewa ƙananan karnukan ado masu dogon gashi, irin su Lhasa da wanda ake kira Eskimo, waɗanda ake kwana da su a ɗaki a wasu biranen, ba su shiga cikin ko ɗaya daga waɗannan dalilai ba.

Karnukan waje da zafin Sakkwato

Jinsuna huɗu ne aka fi tallatawa a Najeriya a matsayin karnukan gadi.

Mafi shahara shi ne German Shepherd, wanda jama'a ke kira karen 'yan sanda. Wani tsohon hafsan sojan doki na Jamus, Max von Stephanitz, shi ne ya kafa jinsin a 1899 domin kiwon tumaki. Turawan Ingila ne suka laƙaba masa sunan Alsatian bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, saboda ba sa son jin sunan Jamus. Yana da saurin koyo ƙwarai, kuma namijinsa kan kai kilo 30 zuwa 40. Amma gashinsa ninki biyu ne, an kuma san shi da ciwon ƙugu da ake gada, sannan idan ba a horar da shi ba, kaifin basirar tasa ba ta da amfani ga kowa.

Sai Rottweiler, shi ma daga Jamus, baƙi mai ƙirar ƙarfi, wanda namijinsa ke kaiwa kimanin kilo 50. Baƙin gashi a ranar watan Afrilu ta Sakkwato ba ƙaramin nauyi ba ne.

Na uku shi ne Caucasian, wanda ya fito daga tsaunukan Kokeshiya, yankin Jojiya da Armeniya da kudancin Rasha. An samar da shi ne domin ya kwana a cikin dusar ƙanƙara yana kare tumaki daga kyarketai. A ganin mai wannan rubutu, kawo irin wannan dabba Goronyo zalunci ne a gare ta, kuma asarar kuɗi ce ga mai ita.

Na huɗu shi ne Boerboel, karen gonakin Afirka ta Kudu. Gashinsa gajere ne, ya kuma fi sauran jure zafi, amma yana iya haura kilo 65, kuma yana buƙatar mai shi ya iya sarrafa shi. Ƙasar Denmak ta sa shi cikin jerin karnukan da ta haramta kiwonsu a 2010.

Dalilin da ya sa zafi ke da muhimmanci a wannan lissafi shi ne cewa kare ba ya yin gumi a jikinsa kamar mutum ko doki. Da haki yake fitar da zafi, wato ya buɗe baki ya zaro harshe. Zafin jikinsa na yau da kullum digiri 38 zuwa 39 ne a ma'aunin salshiyas, idan kuma ya haura 41, gaɓoɓinsa na ciki na iya fara lalacewa.

A Sakkwato kuwa zafin rana kan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, wato iskar da karen ke shaƙa domin ya huce ta fi jikinsa zafi.

Wani bincike da aka wallafa a 2020, wanda masana a Birtaniya suka gudanar a kan bayanan asibiti na karnuka fiye da 900,000, ya gano cewa karnukan da suka haura kilo 50 sun ninka ƙanana fiye da sau uku wajen haɗarin kamuwa da ciwon bugun zafi. Masu gajeren hanci, irin su Bulldog, su ma suna sahun gaba. An yi wannan bincike ne a Birtaniya, ƙasar da idan zafi ya kai digiri 30 sai ya zama babban labari.

A biranen da ake kiwon irin waɗannan karnuka akan tanadar musu ɗaki mai fanka da ruwan sanyi. Mai karatu ya san halin da wutar lantarki ke ciki a ƙauye.

Karen gida

Ana yi masa kallon banza, har ma wasu na cewa ba shi da jinsi, tarkace ne kawai. Binciken kimiyya bai goyi bayan wannan ba.

A 2009 wani ayarin masana ƙarƙashin Adam Boyko na jami'ar Cornell da ke Amurka ya duba ƙwayoyin halittar karnukan ƙauye a Masar da Yuganda da Namibiya. Sun gano cewa akasarinsu 'yan asalin wurin ne tun zamani mai tsawo, ba ragowar karnukan da Turawa suka kawo ba ne.

Wani binciken kuma da masana daga Sin da Najeriya suka wallafa a 2018 ya duba karnukan gida na Najeriya, inda ya gano alamun cewa jikinsu ya saba da yaƙi da ƙwayoyin cutar da ke shiga jini a ƙasashe masu zafi.

Ko ba a je ɗakin bincike ba, siffarsa ta isa shaida. Gashinsa gajere, jikinsa marar kitse, ƙafafunsa dogaye, kuma da rana ya san ya tona rami a inuwa ya kwanta. Kakanninsa sun rayu da hunturu da bazara da kaskar damina na wannan ƙasa, waɗanda ba su iya ba kuwa ba su bar zuriya ba. Hausawa na cewa karen bana shi ke maganin zomon bana, haka ma karen ƙasa shi ya san ƙasar.

Wannan ba ya nufin ba ya ciwo. Yana kamuwa da ƙazwa da tsutsar ciki, kuma ciwon hauka bai san jinsi ba. Yana kuma da halin yawo, musamman idan an bar shi ya nemi abincinsa a juji.

Amma babbar hujjar masu sayar da karnukan waje ita ce hali: wai wannan jinsi jarumi ne, wancan kuma mai biyayya. A 2022 mujallar kimiyya ta Science ta wallafa wani bincike da Elinor Karlsson da abokan aikinta suka yi a Amurka a kan karnuka fiye da 18,000. Sakamakonsa shi ne cewa jinsi na bayyana kashi 9 cikin 100 ne kacal na bambancin hali tsakanin wannan kare da wancan. Sauran kuwa ya danganta ne da iyayensa na kusa, da yadda aka rene shi, da abin da ya gani yana ƙarami.

Ban da haka, ɗan kwikwiyo mai mako shida ba ya nuna abin da zai zama. Mutumin da ya tura kuɗi saboda hoton da ya gani a waya, bai ga uwar ba bai ga uban ba, zai iya wayar gari bayan wata shida da ruwa-biyu a tsakar gidansa.

Karen Azawak

Idan har mutum na son kare mai suna a duniya, ba sai ya duba Jamus ba. Daga Sakkwato, idan aka bi ta Illela aka tsallaka Birnin Ƙonni aka nufi Tawa a Jamhuriyar Nijar, an kama hanyar yankin Azawak, wanda ya ratsa har cikin ƙasar Mali.

Daga nan ne aka samu karen da Turawa ke kira Azawakh, wanda Buzaye da Fulani suka daɗe suna kiwo domin gadin zango da farautar barewa da zomo. Dogo ne siriri, tsayinsa a kafaɗa kan kai santimita 70, amma nauyin namijinsa bai cika wuce kilo 25 ba. Ana iya ƙirga haƙarƙarinsa da ido ko da yana cikin ƙoshin lafiya.

An fara kai shi Turai ne a shekarun 1970, zuwa tsohuwar Yugoslabiya da Faransa, sannan babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta amince da shi a 2019. A can ana sayensa da tsada, ana kuma ɗinka masa riga saboda sanyi.

An san shi da shaƙuwa da mutanen gidansu da kuma ƙin sakin jiki da baƙo, abin da ake nema ke nan ga mai gadi. Da yawa daga karnukan da mafarautan ƙasar Sakkwato ke ja suna kama da shi a ƙira. Sai dai kare ne na gudu da fili, wanda ɗaure shi a lungu yake lalata shi.

Cikinsa da aljihunka

Kare mai nauyin kilo 50 na buƙatar abincin da ƙarfinsa ya kusa kai na babban mutum a kowace rana, kuma dole a samu nama ko kifi a ciki. Karen gida mai kilo 15 bai kai rabin haka ba.

Abincin karnuka na buhu, wanda akasarinsa daga waje ake shigo da shi, ya yi tsada ƙwarai tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023, ba kuma a samunsa sai a manyan birane. Wanda ya sayi babban kare ya koma ba shi ƙanzo da ruwan tuwo, zai ga ƙafafunsa sun karkace tun yana tasowa.

Kare kan yi shekara goma ko fiye a duniya, manyan jinsuna kuma ba su cika kaiwa haka ba. Wato dai wanda ya ɗauko kwikwiyo ya ƙara baki ɗaya ne a gidansa na tsawon shekaru.

Akwai wani gargaɗi da ya shafi wannan yanki musamman. Goronyo da Wurno sun yi suna wajen noman albasa da tafarnuwa, albarkacin fadamar Rima da madatsar ruwan Goronyo da aka kammala a 1984. To albasa da tafarnuwa guba ne ga kare, ɗanye ko dafaffe, domin suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa. Ɗan abin da ke cikin miya sau ɗaya ba lallai ya yi illa ba, amma ragowar abinci mai yawan albasa kullum, ko barin kwikwiyo yana wasa a rumbun albasa, na iya sa shi kasala, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi duhu.

Haka kuma kada a jefa wa kare ɗanyen huhu ko hantar dabba da aka ga ƙulli mai ruwa a jiki, abin da ake yawan yi a mahauta da lokacin layya. Ta nan yake ɗaukar wata tsutsa da ƙwanta ke fita a kashinsa, ya koma jikin tumaki da shanu, har da mutane. A binne irin wannan nama ko a ƙone shi, a kuma riƙa ba kare maganin tsutsa duk wata uku.

Game da kaska, wadda ke yawaita da damina, kuskuren da ya fi kisa shi ne yi wa kare wanka da maganin feshin gona. Yana lasar jikinsa, fatarsa kuma na tsotsewa. A nemi maganin da aka yi domin karnuka daga wajen malamin dabbobi.

Yadda ake zaɓen kwikwiyo

Ba a kiwon kare ranar farauta. Wanda ke son mai gadi a baɗi, bana zai ɗauko shi.

Abu na farko shi ne a ga uwar. Idan tana da lafiya, tana haushi idan ta ga baƙo amma tana yin shiru idan mai ita ya tsawata, to akwai kyakkyawan zato a kan 'ya'yanta. Wannan ita ce fa'idar karɓa daga maƙwabci ko daga rugar da aka sani, a kan sayen wanda aka ɗauko a kwali daga wani gari.

Kada a raba shi da uwar kafin ya cika mako takwas. A duba idonsa ba kwantsa, hancinsa ba majina, dasashinsa ja-ja, cikinsa bai kumbura ba, kuma babu alamar gudawa a gindin wutsiyarsa. Gudawa mai jini tare da amai alama ce ta cutar da likitoci ke kira fabo, wadda ke kashe 'yan kwikwiyo cikin kwanaki kaɗan, kuma an lura ta fi tsananta ga jinsuna irin su Rottweiler da German Shepherd. Akwai allurar rigakafinta da ake farawa daga mako shida zuwa takwas, a kuma maimaita.

A cikin 'yan uwansa, a guji wanda ke maƙalewa a lungu yana rawar jiki. Kare matsoraci ya fi saurin cizo.

Karya takan nemi namiji kusan sau biyu a shekara, lokacin da karnukan unguwa za su cika ƙofar gida, bayan kimanin kwana 63 kuma ta haihu. Namiji kuwa shi ne mai tafiya neman, ya dawo da rauni ko cuta. Likitan dabbobi na iya yi wa kowannensu aikin hana haihuwa.

Watanni ukun farko su ne makarantarsa. Abin da ya saba da shi a wannan lokaci, yara ne ko awaki ko kaji, ba zai ɗauke shi abokin gaba ba idan ya girma. Shi ya sa karen da ya tashi a cikin garke ke bin garke ba tare da an koya masa ba. Ɗaure kare da gajeriyar sarƙa a rana dare da yini, ko dukansa domin wai ya yi zafi, na samar da dabbar da za ta fara da yaran gidan ne kafin ɓarawo.

Allurar da ta fi jinsi muhimmanci

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan dukkansu daga cizo ko yaƙushin kare suke kamuwa, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Ƙwayar cutar na cikin yawun dabbar. Daga wurin cizon take bin jijiya a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa, abin da kan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci kuma har shekara. Wannan jinkiri ne ke yaudarar mutane: ciwo ya warke, an manta, sai daga baya yaro ya fara zazzaɓi da firgita da tsoron ruwa. Da zarar alamun sun bayyana, kusan babu wanda ke tashi.

Amma cuta ce da ake iya karewa tun 1885, lokacin da masanin kimiyyar nan na Faransa, Louis Pasteur, ya fara yi wa wani yaro allurar. Ranar rasuwarsa, 28 ga watan Satumba, ita ce aka keɓe domin yaƙi da cutar a duniya, kuma akan yi gangamin yi wa karnuka allura a wurare da dama a wannan rana.

A Najeriya, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, na samar da allurar rigakafin ta karnuka. Ana yi wa kwikwiyo idan ya cika wata uku, a kuma sabunta duk shekara. A Sakkwato akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ban da asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha.

Masana sun ce idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, cutar kan daina yaɗuwa a cikinsu. A gari kamar Giyawa, inda karnuka ke cuɗanya da juna da na makiyaya masu wucewa, allurar karen mutum ɗaya ba ta wadatar ba. Aiki ne da masu unguwanni da shugabannin mafarauta za su iya haɗa kai a kai, su gayyato malamin dabbobi rana guda.

Duk wanda zai karɓi babban kare, na gida ne ko na waje, ya nemi ganin katin allurarsa. Idan babu, a ɗauka ba a yi ba.

Ba kowane mahaukacin kare ne ke gudu yana cizo ba. Wani yakan yi laƙwas ne, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na zuba, kamar wanda ƙashi ya maƙale wa a wuya. Sa hannu a bakin irin wannan kare domin ciro ƙashin ya jawo wa mutane da dama kamuwa.

Idan kare ya ciji mutum ko ya yaƙushe shi, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15. Kada a ɗaure ciwon, kada kuma a cusa masa toka ko barkono ko wani garin magani. Daga nan a nufi asibiti a ranar, a faɗa wa ma'aikatan lafiya cewa cizon kare ne, domin a fara allurar da ake yi wa mutum sau da yawa a cikin makonni. Idan ƙaramin asibiti ba shi da ita, a nemi a tura mutum inda take.

Shi kuma karen, idan an san mai shi, a killace shi a sa masa ido na kwana goma maimakon a kashe shi a jefar. Idan yana ɗauke da cutar a yawunsa a ranar da ya yi cizon, zai nuna alama ko ya mutu a cikin waɗannan kwanaki. Amma ba a jiran cikar kwana goman kafin a fara yi wa wanda aka ciza allura.